Ƙyauren Labbo

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina liƙa takardata a ƙyauren Labbo wanzami,
duk Alhamis, bayan la'asar,
nan Rijiyar Ɗorowa, gefen mai facin keke.
Da ragowar koko nake liƙawa.
Ban taɓa biyan ko sisi ba.

Abin da nake rubutawa ba shi da yawa:
tsadar albasa, kwatar da ta toshe,
yabon wanda ya mutu ba a yabe shi ba,
wata ran ba'a ga masuntan Kwalkwalawa
da kifinsu mai girma a baki, ƙarami a faranti.

Sai ga Modi, ɗan ƙanena, ya sake zuwa da babur.
"Baba, wanga wuri ya yi maka kaɗan.
Taho Gawon Nama ka gani."
Na je, na gani.
Allo ne cikin gilashi, da ƙwan lantarki a kansa,
inji na jera baƙaƙe kamar ƙwayar masara,
kwafi ɗari kafin shayi ya huce.
Ɗalibai na wucewa kamar Rima a Agusta.
Kuɗin wata dubu uku,
kuma mai shago zai duba kafin a kafa.

Na dawo na kwanta, ido biyu.

Laifin ƙyauren Labbo na san shi kamar yunwar cikina.
In damina ta zo, tawada kuka take.
Akuyar Ige ta cinye mini layi huɗu,
na ƙasa, inda nake ɗaure magana.
Shi kansa Labbo, ranar da na taɓa surukinsa,
tawul ya rataya a kai har Asabar.
Masu karatuna, in na ƙirga da karamci, ashirin.
Bakwai cikinsu jiran aski suke.

Can kuwa, da na yi rabin sa'a a tsaye,
wata yarinya ta ja birki gaban gilashin.
Zuciyata ta ce, ga mai karatu.
Ashe ɗankwali take gyarawa.
Ban ga laifinta ba.
Wataƙila da tawa ce a ciki, da ta karanta.
Wataƙila. Kalmar nan ce ta kore mini barci.

Laraba na yanke: zan tashi.
Na zo da wuƙa in ɓamɓare kayana.
Suka ƙi.
Takarda kan takarda, ɗari biyar da 'yan kai,
sun zama ɓawo guda, kaurin yatsa biyu.
Na ja gefe, fentin ƙyaure ya biyo,
sai ga guntun ta'aziyyar Jabbi,
wani ya sa biro a ƙasa:
"Malam, Talata ya rasu, ba Litinin ba."
Wa zai gyara mini rana a Gawon Nama?
Gilashi ba ya karɓar biro.

Atto makaho na kan benci,
shi da jikansa ke karanta masa.
Ya ji kukan wuƙa.
"Mi kaka kankara, Malam?"
Na ce tashi nake son yi.
"Nawa ne kabu-kabu zuwa can?"
Na faɗa. Ya shiga lissafi da yatsu,
zuwa da dawowa, shi da yaro.
Bai ce kada in tafi ba.
Da ya ce, da na sami abin musu.

Labbo na wasa aska, ko kai bai ɗaga ba:
"In za ka tashi, bar mani ƙyaurena da fentinai."

Modi ya kira sau biyu bayan magariba.
Na ce a bari damina ta wuce
in ga abin da ruwa zai rage.
Ya ce bara ma haka na faɗa.

Gobe Alhamis.
Takarda na aljihu, ninki huɗu,
ba ta san inda za ta kwana ba.
Na dai ce wa Hajjo ta rage mini koko.